ARHA BA TA ADO? NAZARI A KAN ARMASHIN TSOFAFFIN GAJERUN FINAFINAN ZANE

1.0 GABATARWA

Hausawa na cewa arha ba ta ado. Wannan karin magana yana da ƙarfi ƙwarai a kasuwar tufafi, to amma ba ko'ina yake cin kasuwa ba a fagen fasaha. Akwai wasu gajerun finafinan zane da aka yi tsakanin shekarun 1950 da 1980, waɗanda ba a kashe musu kuɗin a-zo-a-gani ba, zanensu bai taka kara ya karya ba, motsinsu kuma a daddatse yake, amma har yau idan aka haska su yaro da babba sukan zauna su kalla har ƙarshe. A ɗaya gefen kuwa, akwai finafinan da aka narka wa dukiya, aka ƙawata su da launi da kwamfuta, amma da an tashi daga kallo sai a manta da su.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana dalilin haka ta fuskar adabi da al'adar Bahaushe. Za a duba yadda ake sa zane ya yi motsi, da dabarun da rashin kuɗi ya tilasta wa masu wannan sana'a. Sannan za a waiwayi yadda hoto mai motsi ya shiga karkarar kudancin Katsina, watau ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kafin a tsaya a kan ayyukan Mustafa Alhasan na Jamhuriyar Nijar, wanda shi ne misali mafi kusa da gida. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, armashin waɗannan finafinai ya samo asali ne daga tsimi, kuma irin wannan tsimin shi ne ginshiƙin tatsuniya da tashe tun kafin zuwan majigi.

2.0 YADDA ZANE KE MOTSI

Ba a riga an tsayar da kalma guda ɗaya ba game da wannan fanni. Yara da masu sayar da finafinai sukan ce katun. 'Yan jarida sun fi son zane mai motsi. Wasu kuma sukan ce fim ɗin 'yan tsana, ko da babu 'yar tsana a ciki. A wannan maƙala za a yi amfani da fim ɗin zane a matsayin babban suna, wanda ya haɗa da wanda aka zana a takarda, da wanda aka yanka daga kwali, da wanda aka yi da 'yan tsana ana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto.

A haƙiƙa babu hoton da ke motsi. Abin da ke faruwa shi ne, na'urar haska fim tana jero hotuna tsayayyu guda 24 a cikin kowace daƙiƙa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, sai ido ya haɗa su ya ga kamar abu ne ke tafiya. Ke nan minti ɗaya yana cin hotuna 1,440, fim mai minti biyar yana cin 7,200, mai minti bakwai kuwa 10,080. A fim na mutane kyamara ce ke ɗauko waɗannan hotuna da kanta. A fim ɗin zane kuwa sai hannun ɗan Adam ya samar da su. Ko da an bi hanyar da aka saba, ta ɗaukar kowane zane sau biyu, watau zane 12 a daƙiƙa, fim mai minti biyar zai buƙaci zane 3,600. Mutum guda da ke iya gama zane 20 a yini zai shafe kwana 180 bai ɗaga kai ba. Wannan lissafi shi ne tushen dukkan matsalar: a fim ɗin zane, kowane ƙyaftawar ido kuɗi ne.

Manyan kamfanonin Amurka sun warware matsalar da yawan ma'aikata. Alal misali, finafinan Tom and Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a kamfanin MGM cikin 1940, kowane guda mai kamar minti bakwai yakan ci dala dubu talatin da wani abu. A 1957 kamfanin ya rufe sashen zanensa saboda tsada. Mutanen nan biyu suka koma yi wa talabijin aiki, inda aka ba su abin da bai wuce dala 3,000 ba a kan kowane minti biyar na shirin Ruff and Reddy. Da wannan ragi na kusan kashi tara cikin goma aka shiga zamanin da za a iya kira na taƙaitaccen motsi.

3.0 DABARUN TSIMI

Dabarun da aka bi don rage yawan zane ba su da yawa, kuma duk wanda ya kalli irin waɗannan finafinai zai gane su.

Ta farko ita ce raba jiki gaɓa-gaɓa. Tun 1914 aka ƙirƙiro yin zane a kan wata takarda garai-garai mai kama da gilashi, wadda ake ɗora wa bisa hoton fage. Mai tsimi sai ya zana gangar jiki sau ɗaya ya bar ta tsaye, ya riƙa sauya baki ko ido ko hannu kaɗai. Wannan ne ya sa aka ɗaura wa dabbobi irin su Yogi Bear kwala a wuya: kwalar tana ɓoye mahaɗar kai da jiki, sai kai ya yi ta juyawa jiki na nan daram.

Ta biyu ita ce maimaici. Tafiya ko gudu ana iya tsara shi da zane takwas ko goma sha biyu, waɗanda na ƙarshensu ke komawa ga na farko, sai a yi ta zagayawa da su. Haka ma fage: akan zana shi dogo a riƙa jan sa a bayan mai gudu, shi ya sa mai lura zai ga an wuce bishiya ɗaya ko taga ɗaya sau biyar.

Ta uku ita ce ɗora wa kunne aikin ido. Maimakon a zana yadda wani ya faɗa cikin tukwane, sai ya fice daga fage, a ji ƙarar fashewa, hoton ya ɗan girgiza, mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa.

Ta huɗu ita ce barin zane gaba ɗaya a koma ga yankakkiyar takarda ko 'yan tsana, domin abin da aka ƙera sau ɗaya ana iya motsa shi sau dubu. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da dogon fim a 1926 a kan wani ɗan sarki Ahmad, wanda ta ɗebo daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, ta yi amfani da baƙin kwali da almakashi da hasken fitila daga ƙasa.

Ya kamata a lura cewa ba talauci kaɗai ke kai mutum ga tsimi ba. Kamfanin UPA na Amurka ya zaɓi sauƙin zane da gangan, kuma fim ɗinsa Gerald McBoing-Boing na 1950 ya ci lambar Oscar. A Japan ma, Osamu Tezuka ya kafa masana'antar zanen talabijin ta ƙasar a 1963 bisa zane takwas ko ƙasa da haka a daƙiƙa. Wato abin da ya fara a matsayin dole ya rikiɗe ya zama salo.

4.0 MAJIGI A KUDANCIN KATSINA

Mutanen karkarar Hausa ba a gidan silima suka fara ganin hoto mai motsi ba. A dandali suka gan shi, ko a ƙofar fadar hakimi, a jikin farin ƙyalle ko bango. Kalmar majigi kanta an aro ta ne daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitilar haska hotuna, kuma a farkon lamari har dodon bango aka riƙa kiran abin. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kanta, wani jami'in kiwon lafiya da ya daɗe yana yawo da majigi a Nijeriya. Bayan haka gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin, motocinta suna bin garuruwa suna nuna labarun sarakuna da shugabanni, da darussan tsabta da noma, da ɗan abin dariya don a riƙe jama'a.

Kudancin Katsina yana da matsayi na musamman a wannan tarihi saboda auduga. Daudawa, a ƙasar Faskari, ta yi suna da gonar gwajin irin auduga tun zamanin Turawa, Funtuwa kuma da injin gurza. A Daudawa ne aka ɗauki Baban Larai a tsakiyar shekarun 1950, fim ɗin da aka shirya don koyar da noman zamani, wanda kuma ake lissafa shi cikin finafinan Hausa na farko-farko. Saboda haka manoman wannan yanki suna cikin waɗanda suka fara ganin irin gonakinsu da irin shigarsu a jikin bango.

Abubuwa biyu na zamanin majigi sun shafi wannan nazari. Na farko, majigi yana tafe da mai sharhi, wanda ke riƙe da lasifika yana fassara abin da ake gani cikin Hausa, yana ƙara gishiri, yana ba mutanen cikin fim sunaye. Ke nan tun ranar farko Bahaushe ya san fim a matsayin hoto da murya ke ja, kamar yadda tatsuniya take. Na biyu, Sellers ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ɗan ƙauyen Afirka ba zai fahimci dabarun kyamara ko abin da ya saɓa wa zahiri ba, don haka a yi masa fim a hankali, a nuna masa komai filla-filla. Wannan zato bai yi la'akari da cewa mutanen da ake magana a kansu sun tashi ne da labarin Gizo yana aure, kura tana zuwa kasuwa, ɓaure yana magana. Wanda ya saba da wannan a kunne ba zai ruɗe ba don ya gan shi da ido.

Daga baya talabijin ya karɓi aikin. An buɗe tashar Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977, a lokacin kuwa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Finafinan zane na ƙasashen waje su ne abin buɗe tasha da yamma, kuma da yake akwatin talabijin ɗaya ne a unguwa ko a gidan kallo, a taro ake kallon su, yaran da suka riga suka gani suna yi wa sauran sharhi. Yawancin yaran ba su jin Ingilishi, amma hakan bai hana su bin labarin ba, domin kyanwa da ɓera ba su buƙatar tafinta.

5.0 MUSTAFA ALHASAN DA JAMHURIYAR KWAƊI

Duk waɗancan finafinai baƙi ne. Wanda ya nuna cewa ɗan wannan yanki na iya yin nasa, da abin da ke hannunsa, shi ne Mustafa Alhasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane a rubutun Faransanci. An haife shi a 1942 a N'Dougou ta ƙasar Nijar. Tun yana yaro yake haska zanensa da fitila yana tara jama'a, ya kuma yi aikin kanikanci kafin ya shiga harkar fim. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai nazarin al'adu da kyamara, wanda ya buɗe masa hanyar zuwa hukumar finafinai ta Kanada. A can ya ga aikin Norman McLaren, mutumin da ya shahara da yin zane kai tsaye a kan zaren fim ba tare da kyamara ba. Fim ɗin Mustafa na farko, a 1962, sunansa Aouré, watau aure. Ya jagoranci sashen fim na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15, daga baya ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, inda ya kafa ɗan ɗakin aikinsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.

5.1 Sarki da Fadawa

La Mort de Gandji, watau mutuwar Gandji, ya fito a 1965. Labari ne na fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa, kuma ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar cikin 1966. Tun daga nan kwaɗo ya zama tambarin Mustafa. Zaɓin yana da hikima ta fuska biyu. Ta fuskar aiki, kwaɗo ba shi da wuyar zane: tumbi, da idanu biyu a sama, da faffaɗan baki. Ta fuskar ma'ana kuwa, halitta ce mai kumbura wuya da yawan kuka, ga ta ba ƙarfi. Duk wanda aka zana a siffar kwaɗo an gama yi masa zambo tun bai buɗe baki ba.

5.2 Bon Voyage Sim

Wannan shi ne mafi shahara cikin ayyukansa. An yi shi a 1966, tsawonsa kamar minti biyar, baƙi da fari ne, layukan zanen kuma ba su fi na allon ɗan firamare yawa ba. Sim shugaban Jamhuriyar Kwaɗi ne, aka gayyace shi ziyara maƙwabciyar ƙasa. Abin da fim ɗin ya ƙunsa ke nan: rakiya, da jirgin sama, da faretin soja, da gaisuwar ban girma, da jawabi, da dawowa gida.

A nan ne ake ganin yadda tsimi ke zama ma'ana. Sojojin faretin zane ɗaya ne aka maimaita, ƙafafunsu na ɗagawa suna sauka a zagaye guda da ba ya ƙarewa. A hannun wani, wannan gazawa ce da za a so a ɓoye. A hannun Mustafa kuwa ita ce maganar: bikin gwamnati maimaici ne, kowa kamar kowa, ana ta tafiya ba a zuwa ko'ina. Da an zana kowane soja da fuskarsa da irin takunsa, da habaicin ya zube. Ya kamata kuma a tuna shekarar da fim ɗin ya fito. A watan Janairun 1966 soja suka kifar da gwamnati a Afirka ta Tsakiya da Saman Bolta da Nijeriya, a watan Fabrairu kuma aka tumɓuke Kwame Nkrumah na Gana yana kan hanyar ziyara a ƙasar waje. Masu kallo na lokacin ba su buƙaci a gaya musu abin da ke bayan jan kafet da busa ƙaho ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi wa, amma babu hukumar da za ta kai ƙarar kwaɗo.

5.3 'Yan Tsana da Kokawa

A 1977 ya fitar da Samba le Grand, mai launi, wanda ya yi da 'yan tsana. Labarin wani jarumi ne da ke neman auren gimbiya, ita kuma tana ɗora masa sharaɗi bayan sharaɗi. Wannan gini sananne ne ga duk wanda ya saurari tatsuniyar 'yar sarki mai wuyar aure. Tufafin 'yan tsanan da gine-ginen fagen duk da hannu aka yi su, daga ƙyalle da itace da makamantansu, kuma ba a yi ƙoƙarin ɓoye hakan ba.

Kokoa, wanda ya fito a sigarsa ta ƙarshe a 2001, sunansa Hausa ne tsantsa, watau kokawa. A Nijar kokawa ita ce uwar wasanni, kuma a Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975. Mustafa ya ɗauko dandalin kokawa ɗungurungum, da makaɗa da 'yan kallo da mai sharhi, ya mayar da shi duniyar dabbobi: kwaɗi da hawainiya da tsuntsu suna karawa, ƙaguwa tana alƙalanci. Motsin 'yan tsanan yana da ɗan tsalle-tsalle, domin ba a ɗauki hotuna da yawa ba, amma kokawa da ma wasa ne na tsayawa da zabura: a riƙe juna, a yi shiru, sai kaye farat ɗaya. Raunin kayan aiki ya dace da yanayin abin da ake nunawa.

6.0 TUSHEN ARMASHI

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da dalilai huɗu da suka sa irin wannan fim ke shiga ran Bahaushe.

Na farko, yana bar wa mai kallo aiki. Tsohuwa mai tatsuniya ba ta da fage, ba ta da kayan wasa. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai ta maƙale murya ta yi tsamin bakin Gizo, yara su ƙera sauran a zukatansu. Ba a taɓa bayyana kamannin Gizo filla-filla ba, amma kowane yaro ya san shi. Zane mai layi biyar yana aiki kamar haka: yana nuni, mai kallo yana cikawa. Fim ɗin da ya zana kowane gashi na jikin zaki ya ƙwace wa yaro wannan rabo.

Na biyu, maimaici a adabin baka ado ne. A tatsuniya yarinya takan gamu da kurciya ta yi mata waƙa, ta gamu da kura ta maimaita waƙar, ta gamu da zaki ta sake maimaitawa, kuma a karo na uku yara sun riga sun karɓa. Jin daɗin yana cikin sanin abin da ke zuwa. Saboda haka kunnen da aka rena da amshi ba ya ƙosawa da gudu mai zagaye ko tarkon da ke kama mai shi a kowane fim.

Na uku, ganin ɗinki ba ya ɓata riga a wasan gargajiya. Yaron da ya fito tashe cikin azumi da gemun auduga da tsumma a ciki, kowa ya san ɗan wane ne, kowa yana ganin audugar, kuma dariyar tana cikin wannan ganin. Haka 'yan kama da ke kwaikwayon malamai da tarkacen kayan karatu, haka mai dabo da 'yan tsanarsa. Yaran Ƙanƙara da Sabuwa da ke ƙera mota da karan dawa, ko doki da laka, suna cikin wannan makaranta. Fim ɗin da ake ganin hannun mai shi a ciki yana gaya wa yaro cewa shi ma zai iya.

Na huɗu, dabba rigar habaici ce. Tun a tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, har zuwa waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970, zaki sarki ne, kura haɗama ce da wauta, dila malami ne, Gizo kuwa talaka ne mai rayuwa da wayo. Mai fim ɗin zane da ya ɗauki dabba ya gaji ma'anarta kyauta, ba sai ya ɓata minti guda yana gabatar da ita ba. A fim mai minti biyar wannan riba ce babba.

Daɗin daɗawa, gajarta kanta horo ce. Wanda ke biyan kowace daƙiƙa da guminsa ba ya sakin zance. Dole ya san inda dariya take, ya nufe ta, ya tsaya. Ingancin irin wannan fim ba a yawan zane ake auna shi ba, a'a, a sanin wane zane ne ba za a iya bari ba.

7.0 INDA ARHA TA ZAMA AIBI

Ba za a ce duk fim mai arha yana da kyau ba. Akwai bambanci tsakanin tsimi da ha'inci. Shirin Clutch Cargo na Amurka, wanda aka fara a 1959, ya kai rowa matuƙa: akan ɗauki hoton leɓen mutum na gaske yana magana a liƙa shi a fuskar zane da ba ta motsi. A yau ana tuna shi ne a matsayin abin al'ajabi kawai. Inda babu labari, babu murya mai rai, babu iya sa lokaci, ƙarancin zane ba ya haifar da komai sai gundura. A nan karin maganar ta yi gaskiya.

Haka kuma wajibi ne malamin da zai nuna wa ɗalibai tsofaffin finafinan Amurka ya tace su. Da yawa daga cikin na shekarun 1930 da 1940 sun siffanta baƙar fata da manyan leɓɓa da wauta da cin naman mutane. A 1968 kamfanin da ke riƙe da tsofaffin finafinan Warner ya janye guda 11 daga talabijin saboda wannan dalili. Tsufa ba ya wanke cin mutunci. Wannan ma yana ƙara fito da darajar aikin Mustafa Alhasan, domin a lokacin da ake zana ɗan Afirka don a yi masa dariya, shi ya zana shugabannin Afirka don 'yan Afirka su yi dariyar da ke da tunani a ciki.

8.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa fim ɗin zane sana'a ce da lissafi ke mulki, kuma ƙarancin kuɗi ya haifar da dabarun raba jiki, da maimaici, da dogaro ga murya, da amfani da 'yan tsana. An kuma nuna cewa waɗannan dabaru sun yi daidai da ginin tatsuniya da tashe, shi ya sa mai kallo Bahaushe, daga dandalin majigi a Daudawa har zuwa gidan kallo, bai karɓe su a matsayin nakasa ba.

Abin da ya sa batun ya wuce tuna baya shi ne halin da ake ciki. Hirar dare a dandali, wadda ita ce makarantar tatsuniya, ta ja baya a ko'ina, a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan ya ƙara takura ta. Abin da yaro ke kallo a wayar hannu mafi yawansa daga waje yake, ko da an ɗora masa muryar Hausa. Matasan da ke sha'awar zane kuma sukan ɗauka cewa sai an tara manyan kwamfutoci da miliyoyin naira kafin a fara. Tarihin da aka bayar a sama ya rushe wannan zato: wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi kyamarar da aka yi Bon Voyage Sim da ita sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba, laka da kara da ƙyalle kuma ba su ƙare ba.

Akwai aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. A 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya shirya bikin nuna finafinan Mustafa Alhasan, alhali sunansa bai cika fitowa a darussan wasan kwaikwayo na Hausa ba, ko da yake a Tawa ya yi zamansa kuma wasu finafinansa sunan Hausa gare su. Ya kamata a sa ayyukansa cikin manhaja kusa da tatsuniya da tashe, a nazarce su da ma'aunin zambo da habaici da aka riga aka sani. Ya kamata kuma a tattara bayanin dattawan da suka ga majigi a garuruwan auduga tun suna raye, a ji me aka nuna musu da yadda mai sharhi ya fassara shi. Sannan masana harshe su daidaita kalmomin wannan fanni, domin malamin firamare da ke son ɗalibansa su motsa Gizo da Ƙoƙi a kan tebur ya sami Hausar da zai koyar da su da ita.